Masu sanin malt ku taimaka: me ya sa na Saudiyya ke da ɗaci namu kuma zaƙi zalla?

Ɗan Jekadafari:

Salamu alaikum mutanen zaure, ya zafi ya ibada. Tambaya ce ke tafe da ni amma dan Allah a karanta har ƙarshe tukun, don na san da an ji maganar kwalba wasu za su ɗauka wani abu ne daban. Ni kam ba na shan giya, ban taɓa ba kuma Allah Ya tsare ni har ƙarshen rayuwa. Malt nake so, son da ya kai har tara kwalabensa da gwangwanayensa nake yi, duk wanda na sha in dai ban taɓa ganin irinsa ba sai in wanke in kife ya bushe in jera a kanta a ɗakina. Namu na gida kusan duk na haɗa, Maltina, Amstel Malta, Malta Guinness, Hi-Malt, Maltex, Grand Malt, Beta Malt, Dubic, har da Fayrouz mai abarba. Na waje kuma yayana ne ke taimakona in ya je Umara ko ya je Dubai saro kaya, shi ya kawo min Barbican mai rumman da mai tuffa da Moussy da Holsten, wasu kuma nakan tsinta a manyan shagunan cikin gari in an taki sa'a.

Abin da ya ɗaure min kai ɗanɗano ne. Namu baƙi ne mai kauri ga zaƙi cau, ka sha ɗaya ka ji cikinka ya ɗauka, amma na Larabawan nan musamman wanda ba a sa masa ɗanɗanon kayan marmari ba ruwansa garai-garai ne ruwan zuma-zuma, kumfa fari, zaƙin kaɗan, sannan in ka haɗiye sai wani ɗaci-ɗaci ya tsaya maka a maƙoshi. Yanzu wlh ɗacin nan nake nema in na buɗe kwalba. To duk sunansu malt, me ya raba su haka?

Na biyu, abokina ya zo daga Abuja ya kawo min gwangwanin Heineken da aka rubuta 0.0 a jiki, wai tsarabata ce tunda ya san ina tarawa, ya ce ai duk ɗaya ne da su Barbican. Ban buɗe ba yana nan ajiye, zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Na uku, wata koriyar kwalba da na ajiye kusa da taga ban sha da wuri ba, ranar da na buɗe wani wari mara daɗi ya bugo ni alhali kwanan watan jikinta bai ƙare ba. Masu sani a taimaka dan Allah.

'Yar Yelwan Tudu:

Wa alaikumus salam Malam. Ni harkar sarrafa abinci na karanta, bari in ɗan warware maka. Malt ɗin nan fa ba wani abu ba ne illa tsiro, irin wanda iyayenmu ke yi don kunun zaƙi. Hatsi ake jiƙawa, su a can sha'ir suke amfani da shi, a baza shi da laimarsa kwana huɗu ko biyar har ya fara fitar da saiwa, sai a tsayar da tsirowar ta hanyar busar da shi da iska mai zafi. Gashin da aka yi masa shi ke ba da launi, in sama-sama ne ruwan ya fito fari-fari, in an gasa sosai ya yi duhu ya riƙa ƙamshin ƙanzo. Daga nan a ɓarza a zuba a ruwa mai zafin kusan digiri 65, a nan ne sinadaran da tsirowar ta tayar ke narkar da sitacin hatsin ya koma sukari, abin da ke faruwa kenan in an dama gasara an zuba mata tsiro an rufe bokiti ya kwana, da safe ka ga kunu ya tsinke ya yi zaƙi ba wanda ya sa masa sukari. Sai a tace a sami ruwan zaƙi. Har zuwa nan hanyar malt da ta giya ɗaya ce, daga nan suke rabuwa.

Mai giya zai tafasa ruwan da wani fure da ake kira hops, yana yaɗo ne a jikin igiya a ƙasashe masu sanyi, Jamus da Amurka su ne kan gaba wajen nomansa, shi ke ba da ɗaci da ƙamshi kuma yana hana abin saurin lalacewa. In ya huce ya zuba yis, yis ya cinye sukarin ya fitar da barasa da gas. Namu irin su Maltina kuwa ba a barin yis ya yi aiki a cikinsu sam, ƙara musu sukari ake yi da ƙonannen sukari don launi da su bitamin, a cusa gas a rufe, a dumama kwalbar a kashe duk wata ƙwayar cuta. Shi ya sa kake jin kauri da zaƙi, sukarin yana nan ba abin da ya taɓa shi. Ɗacin da kake ji a wancan kuma hops ɗin ne, ka juya kwalbar ka karanta kayan haɗi za ka gan shi a yawancinsu. Kuma ba abin mamaki ba ne don Moussy asalinsa daga Suwizalan yake, Holsten daga Hambog ta Jamus, duk gidajen giya ne suka yi wa kasuwar Larabawa wanda ba barasa, sai suka bar masa fasalin abin da suka saba yi. Barbican shi ne na kamfanin Aujan na Saudiyya.

Wannan 0.0 da aka kawo maka kuwa gaskiya ba ɗaya ba ne da Maltina, abokinka bai gane ba. A 2017 suka fito da shi kuma giya ake fara yi da yis da komai sannan a cire barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, to sai a sa abin a tukunyar da aka zuƙe wa iska yadda barasar za ta tashi da ɗan zafi kaɗan ba tare da ɗanɗanon ya ƙone ba, wasu kamfanonin kuma tacewa suke yi da wata irin rariya mai ƙananan ƙofofi sosai. Abin da ke saura bai kai 0.05 cikin 100 ba. Amma a kula, ba duk wanda aka rubuta ba barasa ne 0.0 ba, a Jamus an yarda a kira abu marar barasa ko da akwai har 0.5 cikin 100 a ciki, don haka lambar za ka duba kar ka tsaya a babban rubutun gaba.

Warin koriyar kwalba kuma aikin haske ne. In hasken rana ya ratsa gilashi ya sami sinadarin hops sai ya fasa shi ya haifar da wani abu mai warin gaske, kuma ba ya buƙatar kwanaki, ɗan lokaci a rana ya isa. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi tare haske, koriya kaɗan take tarewa, fara kam ba ta tare komai, gwangwani ya fi su duka. Ka daina ajiye cikakkiya kusa da taga, ka sa a kwali a ƙasan gado ko lungun da ya fi sanyi a gidan.

Hajiyar Wunti:

Ƙanina sannu da ƙoƙari, ni kam abin ya burge ni don yaran yanzu ba kowa ke da abin da yake tarawa ba in ba hotuna a waya ba. Ni shagon kayan masarufi gare ni a Bauchi kuma ina kawo irin waɗannan na wajen daga kasuwar Singa ta Kano, to abin da 'yar'uwata ta faɗa a sama haka yake amma bari in ƙara maka da na kasuwa. Kayan nan kafin su iso hannunka sun sha wuya, sun yi makonni a kwantena a teku, sun zauna a tashar jirgin ruwa a Legas, an loda a tirela an ratso rana har Kano, daga can a sake ɗorawa a mota zuwa nan, wani mai shagon kuma don a ga yana da kaya sai ya jera katan-katan a bakin ƙofa rana na dukansu tun safe har la'asar a wannan zafi na watan Maris da Afrilu. To ko kwanan wata bai ƙare ba ɗanɗano ya riga ya tafi, za ka ji shi lami ko wani tsohon zaƙi-zaƙi mara daɗi. Shi ya sa wanda yayanka ke sako maka a akwati ya fi wanda kake saya a nan daɗi, ba wai jabu ake sayar maka ba dole.

In za ka saya ka ce a ɗauko maka daga ciki. Ka duba ƙarƙashin marfi ko akwai tsatsa, gwangwani in ya kumbura ko ya loɓa a bakinsa ka bar shi ko kyauta ne, ka duba lambar NAFDAC, sannan ka shafa wurin kwanan watan da yatsa, in ka ga kamar an goge an sake bugawa ka ajiye musu kayansu. Na taɓa karɓar kaya a hannun wani dila da ya karya min farashi, da na buɗe katan na ƙasa saura sati biyu su lalace, tun daga ranar sai na ga kowane katan da idona nake biya.

Wajen ciniki kuwa mai rumman da mai tuffa su ne ke tafiya, mata masu haɗa kayan buɗa-baki da azumi da masu kai wa amarya gara su ke kwashewa, wannan mai ɗacin da kake so sai ya yi wata biyu ba a tambaya ba in ban da wasu alhazai da suka saba da shi a Makka da Madina. Tunda dala ta tashi ma na rage kawowa don kuɗin kwalba ɗaya ya sayi namu biyu ko uku. Shi 0.0 ɗin nan kam ba na ajiyewa kuma ba zan ajiye ba, kwalbar da sunan duk na giya ne, mutum ya leƙo firij ya gani ba zai tsaya karanta lamba ba, gobe ka ji an ce Hajiya ta fara sai da giya, ga Hisba. Mutuncina ya fi min ribar katan goma.

Almajirin Malam (Pantami):

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka buɗe. Ni ɗalibi ne ba mai fatawa ba, abin da na ji a wajen malamai zan faɗa. Asalin ƙa'idar ita ce hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Malt irin namu ko ka sha kiret ba za ka bugu ba sai dai ciki ya ɓaci, kuma ba a taɓa mayar da shi giya ba a kan hanyar yin sa, don haka ba a ja-in-ja a kansa. Ai ko Manzon Allah SAW ana jiƙa masa dabino ko zabibi a ruwa ya sha, a hadisin Ibn Abbas da ke Muslim yana sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar, saboda kar ya kai ga juyawa.

Inda maganar take shi ne wanda aka fara yin sa giya sannan aka cire barasar. Akwai malaman da suka ce tunda ba ya bugarwa komai yawansa to hukuncin maye ya faɗi. Akwai kuma waɗanda suka ce a'a, ai sai da aka haɗa giya da gangan tukun, kuma sunan da kwalbar da ɗanɗanon duk kwaikwayon mashaya ne, yana iya zama tsani ga yaro ya je ga ta gasken. Hukumomin halal na Malesiya da Indonesiya a nan suka tsaya, ba sa ba da shaidar halal ga abin da ke ɗauke da sunan giya ko da ba barasa a ciki. Ni abin da na ɗauka wa kaina shi ne hadisin nan na ka bar abin da ke sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka kokwanto, kuma kai da bakinka ka ce zuciyarka ba ta kwanta ba. Ka je wajen malamin unguwarku da gwangwanin a hannu ka karanta masa yadda 'yar'uwa ta yi bayani a sama.

Ɗan Tangale:

Barkanmu da yamma 'yan'uwa. Ni Kirista ne daga Kaltungo ina zaune a Tumfure, na daɗe ina aiki a Jos da Legas, kuma in faɗi gaskiya ina ɗan taɓa giya jefi-jefi, ko da yake mu ma a ECWA ba a yarda da ita ba, mahaifiyata har gobe ba ta son jin zancen. Ba na zo in ce wa kowa ya sha ba ne, abokina ka tsaya a kan addininka, kawai na ga abin da kake yi shi ne ainihin abin da masu tara giyar ƙasashe ke yi, bambancin dai naka ba barasa, kuma akwai dabarun da za su yi maka amfani.

Na farko daina sha daga kwalba. Rabin daɗin a hanci yake, bakin kwalba kuma ya toshe shi. Sami kofin gilashi mai tsabta wanda ba maiƙo ko sauran sabulu a jiki don su ke kashe kumfa, ka karkata shi ka zuba a hankali in ya kai rabi ka miƙar da shi kumfa ya taru kamar yatsa biyu. Ka ɗaga ka kalli launin, ka shinshina kafin ka kurɓa, kurɓar farko ka bar ta ta zagaya baki. Kuma kar ya yi sanyin ƙanƙara, mu nan saboda zafi mun saba sai abu ya daskare muke cewa ya yi, amma sanyi mai yawa yana kashe harshe, ka fito da shi daga firij ka ba shi minti biyar zuwa goma za ka ji abubuwan da ba ka taɓa ji ba, wani ƙamshin burodi, wani na ɗanyar ciyawa, wani ɓawon lemo. In za ka gwada biyu ko uku a zama ɗaya fara da marar zaƙi ka ƙare da baƙin, ka kurkure baki da ruwa a tsakani, in ka fara da Malta Guinness duk abin da ya biyo baya ruwa za ka ji. Ka sami ɗan littafi kana rubuta suna da ƙasa da inda ka samu da abin da ka ji, bayan shekara za ka ga harshenka ya canza.

Su can Turai abin ya yi nisa. A Bavariya ta Jamus tun 1516 suka yi doka cewa ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hops. A Beljiyam akwai sufayen coci da ke yin tasu a gidajen ibadarsu, irin su Chimay da Orval da Westmalle, kowace da irin kofinta, har UNESCO ta sa al'adar giyar ƙasar a jerin kayan gadon duniya a 2016. Akwai wadda ake kira IPA da ake cika wa hops, asalinta irin wadda Ingila ke aikawa Indiya a jirgin ruwa ce zamanin mulkin mallaka, ɗacinta sai wanda ya saba. Yanzu ƙananan masana'antu ne ke tashe, mutum biyu uku su kafa tukwanensu su riƙa yin kaɗan-kaɗan kowane zubi da irin nasa ɗanɗano, a nan gida ma akwai Bature da suka fara a Abuja suka koma Legas, har da mai zoɓo suke yi ja wur da ita, ranar da na fara gani na ce ashe zoɓon da muke rainawa ne wasu ke tallarsa da tsada haka. Kuma abin da mutane ba su sani ba, Guinness ɗin Najeriya ita ma kayan nema ce a waje, tamu 7.5 ce cikin 100, wadda ake zubawa a mashayar Dublin 4.2, ana kai tamu Landan ana sayarwa a matsayin ta waje.

Amma ni duk wannan bai kai min burukutun kakata ba wajen gwaninta. Jar dawa take jiƙawa ta baza a kan ganye ta rufe tana yayyafa ruwa har ta tsiro, ta shanya a kan dutse, a niƙa, a dafa a manyan tukwane a bari ya yi tsami a sake dafawa, kusan mako guda ana abu ɗaya, ba ma'aunin zafi ba agogo, da yatsa da hanci take gane ya yi. Ranar gayya ake fito da shi a ƙwarya bayan an tashi daga gona, kuma ba ya ajiyuwa, kwana ɗaya biyu ya zama tsami zalla. Matan da suka iya na asali suna ƙarewa, na yanzu da yawa gaggawa ce da haɗe-haɗe marasa kyau.

Wajen tarawa kuma ka nemi tsofaffin kwalaben da aka daina ganinsu, su ne masu daraja. A da kamfanin giya na Jos mai yin Rock yana da malt ɗinsa Malt Royale, da shi muka tashi, in ka sami kwalbarsa da takardarta ka riƙe da kyau.

Baba Tudun Hatsi:

Jikana ne ya nuna min wannan hira ya ce Baba ga zancen dawa ana yi, shi ne na ce ya rubuta min. Yaro ɗan Jekadafari, kana ta neman na Larabawa da na Turawa, ka san cewa wanda ke hannunka na gida da dawarmu ake yin sa? Ni na tsufa a harkar hatsi a nan Gombe tun muna ƙarƙashin jihar Bauchi. Kamfanin da ke yin Maltina tun 1946 aka kafa shi a Legas, suka buɗe na Kaduna a 1963, Maltina kuma ta fito a 1976, kuma duk lokacin nan tsiron sha'ir daga Turai ake shigo musu da shi don ba ya yi a ƙasarmu yadda suke so. Sai gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi a 1988 lokacin tsuke bakin aljihu, dole suka juyo kan dawa da masara. Ina gani da idona dilolinsu suka fara zuwa da manyan motoci suna neman farfara da kaura, suna ɗibar samfur a hannu su tafi da shi su gwada ko za ta tsiro, in tsohuwa ce ko ƙwaro ya taɓa ta ko an zuba mata magani da yawa ba sa so. Masu bincike na Samaru a Zariya har iri suka fitar da ya dace da wannan aiki, gajeriyar kaura da ake kira SK5912. Daga baya an ɗage hanin amma ba su saki dawa ba har yau, ka karanta bayan kwalba za ka gani.

A lokacin mun yi ta muhawara a kasuwa, wasu suka ce ba za su sayar musu ba tunda kamfani ɗaya ne ke yin malt da giya kuma ba ka san tukunyar da buhunka zai faɗa ba, wasu suka ce kai dai hatsi ka sayar wa dila. Akwai abokina Allah Ya jiƙansa da har ya rasu bai taɓa auna musu ko tiya ɗaya ba. Ni na sayar, amma ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne kaurin nan da kake ji a namu akwai gumin manomin Dukku da Nafada da Kumo a ciki, ka ba shi wuri mai kyau a kantar taka.

Sadiq Bolari:

Ni fa duk ban ga abin wahala a nan ba, ga kunun aya mai sanyi ga zoɓo mai citta da kanumfari ga fura da nonon Fulani a tasha, naira kaɗan ka sha ka ƙoshi kuma ba ka tambayar kowa halal ne ko haram. Sukarin da ke cikin malt ɗin nan ma fa ba kaɗan ba ne, masu ciwon suga a yi hattara.

'Yar Yelwan Tudu:

Malam Sadiq maganar sukari gaskiyarka ne, ana ɗaukar malt kamar magani ana kai wa mara lafiya asibiti har a haɗa da madarar gwangwani wai ƙarin jini, alhali sukarinsa bai da maraba da na lemon kwalba. Amma kunun ma a kula da shi, wanda aka dama da safe aka ɗura a jarka ya wuni a rana ya kwana, in ka buɗe ka ji iska ta fita yana kumfa yana yaji-yaji a harshe to yis ɗin iska ya fara aiki a ciki, hanyar da burukutu ke bi kenan. Na yau a sha yau, ko a sa a firij in akwai wuta.

Ɗan Jekadafari:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah Ya bar zumunci, Baba Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, yanzun nan na ɗauko kwalba na duba na ga dawar a rubuce. Na kwashe cikakkun daga taga na sa a kwali. 0.0 kam ba zan sha ba na yanke, zan dai je wajen malaminmu bayan isha'i in ji ko ajiye gwangwanin ma ya dace tunda ƙannena na shiga ɗakin. Yallaɓai Ɗan Tangale na gwada kofin gilashi da Moussy ɗin da ya rage min, na bar shi ya ɗan huce kamar yadda ka ce kuma wlh na ji ƙamshin ciyawar nan. Sauran tambaya ɗaya, gwangwanayen da na tara duk bakinsu a buɗe yake ba sa kyaun gani ga tururuwa na shiga, akwai yadda ake yi?

Ɗan Tangale:

Akwai, masu tarawa ta ƙasa suke hudawa. Ka kife gwangwanin ka sami ƙusa mai tsini ka yi ƙofa biyu ƙanana a gindin, ɗaya nan ɗaya can, amma ya yi sanyi tukun kuma kar ka girgiza in ba haka ba zai yi maka wanka, ka tsiyaye a kofi ka sha abinka, sai ka ɗura ruwan ɗumi ta ƙofar ka girgiza ka zubar kamar sau uku don sauran sukarin ne ke kiran tururuwa, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka jera, daga sama zai zauna kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Kwalba kuma in kana son marfin kar ya lanƙwashe ka ɗora tsabar kuɗi a kansa kafin ka sa mabuɗi. Kar ka jiƙa kwalba mai takarda a ruwa, cikin kawai za ka wanke. Zan je gida Kaltungo ƙarshen wata, akwai tsofaffin kiret a bayan ɗakin babanmu, zan duba maka Malt Royale in dai yara ba su riga sun kai wa 'yan gwangwan ba.